Murtala Kafin Mulki: Saurayin Kurawa Da Ya Yi Karo Da Kogin Kwara

Duk ɗan kasuwar da ya taɓa ƙirga kuɗin Najeriya ya san fuskar nan da ke jikin naira ashirin. Yau takardar ko ruwan leda ba ta saye a garuruwa da yawa. Amma ranar da ta fito, 11 ga Fabrairu 1977, ita ce babbar takardar kuɗi a ƙasar, kuma mutumin da ke jikinta, Janar Murtala Ramat Muhammad, shi ne ɗan Najeriya na farko da aka buga hotonsa a kuɗi.

Idan aka tashi ba yara labarinsa, galibi daga mulki ake farawa: kwana kusan 200 da ya yi a kan kujera, korar ma'aikatan da aka zarga da ha'inci, ƙara jihohi zuwa 19, zaɓen Abuja, sai kuma harbinsa da aka yi a titin Legas ranar Juma'a 13 ga Fabrairu 1976. Wannan duk gaskiya ne. Sai dai kafin a kai nan akwai wani Murtala, saurayi ɗan shekara 28 da aka danƙa wa dubban 'ya'yan mutane a tsakiyar yaƙi. Mu da muka ga yaƙi da idonmu a Khartum da Umdurman da Bahri tun daga 15 ga Afrilu 2023, labarin wancan saurayin ya fi kusa da mu fiye da labarin shugaban ƙasa. Shi zan kawo muku yau, da daɗinsa da ɗacinsa.

Daga Kurawa zuwa Zariya

An haifi Murtala ranar 8 ga Nuwamba 1938 a unguwar Kurawa, cikin birnin Kano, dab da gidan Sarki. Danginsa Fulani Gyanawa ne, gidan alƙalai da malamai, zuriyar da Malam Aminu Kano da Alhaji Inuwa Wada suka fito. Sunan mahaifiyarsa Ramatu, kuma daga nan ne aka samo Ramat ɗin da ke tsakiyar sunansa. Ya yi elementare a Cikin Gida da Gidan Makama, ya wuce Midil ta Kano wadda yanzu ake kira Kwalejin Rumfa, daga can a 1952 aka ɗauke shi Kwalejin Gwamnati ta Zariya, wato Barewa. Ya gama a 1957.

A wancan zamani, ɗan gidan malamai ya ce zai shiga soja ba ƙaramin abu ba ne. Bahaushe na ganin aikin soja na wanda ya rasa abin yi ne, ko wanda ya gagari iyayensa. To amma manyan Arewa sun hango abin da talakawa ba su hango ba: Turawa za su tafi, kuma wanda ke da hafsoshi shi ke da bindiga. Saboda haka aka riƙa kwaɗaitar da 'yan makaranta su shiga. Barewa ta zama kamar rumbun da ake ɗibar hafsoshi. Zakariya Maimalari, Kur Muhammad, Abogo Largema, Yakubu Gowon, Hassan Usman Katsina, Muhammadu Shuwa, duk ta can suka bi. Murtala ya shiga ƙungiyar 'yan makaranta masu koyon faretin soja, har ya zama kyaftin ɗin masu harbi a shekararsa ta ƙarshe. A 1958 ya sa kaki.

Teshi, Ingila, Kwango

Horon farko a Gana aka ba shi, a makarantar hafsoshi da ke Teshi, gefen birnin Akara. 'Yan uwanmu na Nima da Sabon Zango sun san wurin. Ga wani abin al'ajabi na ƙaddara: cikin malaman da suka koya masa dabarun yaƙi a can akwai wani matashin hafsa, ɗan attajiri, haifaffen Zungeru mai jin Hausa. Sunansa Chukwuemeka Odumegwu Ojukwu. Ba a cika shekara goma ba malami da ɗalibi suka ja dāga, kowa na neman ganin bayan ɗan uwansa.

Daga Teshi sai Sandhurst a Ingila, inda ya fito da muƙamin ƙaramin Laftanar a 1961. Aka tura shi sashen sigina, ya ƙaro ilimin aikin a Katarik, can arewacin Ingila. A 1962 ya tafi Kwango cikin dakarun Majalisar Ɗinkin Duniya. Kwango ta sami 'yanci a 1960, ba a yi wata guda ba ta rikice: sojoji suka yi bore, lardin Katanga mai arzikin ma'adinai ya ɓalle, aka kashe Firayim Minista Patrice Lumumba a farkon 1961. A can ne samarin hafsoshin Najeriya suka fara ganin yadda ƙasa ke tarwatsewa, suka kuma ga yadda mai bindiga ke juya 'yan siyasa.

Da ya dawo, aka sa shi dogarin Dakta Majekodunmi, wanda gwamnatin tarayya ta naɗa ya riƙe Jihar Yamma lokacin dokar ta-ɓaci ta 1962. A 1963 ya auri Ajoke, Bayarabiya, ya kuma riƙe 'yan siginar birged ta ɗaya a Kaduna. A 1964 yana Manjo a Apapa, Legas. Kafin ƙarshen 1965 shi ke riƙon ƙwaryar shugabancin sigina na sojan Najeriya baki ɗaya. Ku duba fa, shekara huɗu kacal da fitowarsa daga makaranta.

Wannan saurin hawa ba nasa ba ne shi kaɗai. Turawa na tattara kayansu, kujeru sun zama fanko, sai aka riƙa ciccibar yara ana ɗora su. Abin da kan ɗauki hafsan Ingila shekara 15 ko 20, ɗan Najeriya na samu cikin biyar. Kowane ɗan kasuwa ya san abin da ke faruwa idan aka ba yaron shago maɓallin sito tun bai iya lissafin bashi ba. Wani ya riƙe, wani ya karya maigida.

Mai riƙe da waya

Mene ne aikin sigina? Su ne masu rediyo da waya da saƙon sirri. Ba su ne ke shiga gaba da gaba ba, amma in babu su kwamanda kurma ne kuma bebe. Mu mutanen Alhilla Kuku da Kafuri da Haj Yusuf ba ma bukatar dogon bayani a kan wannan. Barikin Silahul Ishara da ke Bahri, nan kusa da mu, shi ne barikin siginar sojan Sudan, kuma kowa ya ga yadda aka yi masa ƙawanya tun farkon yaƙi har zuwa Janairun 2025, ana ta zubar da jini a kansa. Ba don kyan gininsa ba ne.

To wannan shi ne aikin Murtala. Ya san wayar kowane bariki, ya san wa ke ina, ya san yaran da ke zaune a bakin rediyo da sunayensu. Wannan sani ya yi masa rana a 1966. Amma a riƙe wannan: horonsa na sadarwa ne. Bai taso yana jan bataliyar sojan ƙasa ba.

Shekarar jini

Daren 15 ga Janairu 1966 wasu manjoji, akasarinsu 'yan ƙabilar Ibo, suka yi yunƙurin juyin mulki. Aka kashe Sardauna Ahmadu Bello a Kaduna, da Firayim Minista Abubakar Tafawa Ɓalewa, da Akintola a Ibadan, da ministan kuɗi Okotie-Eboh. Cikin soja aka kashe Birgediya Maimalari, Kanal Kur Muhammad, Laftanar Kanal Largema da Laftanar Kanal James Pam, wato kusan duk manyan hafsoshin Arewa a dare guda. Mulki ya faɗa hannun Janar Aguiyi-Ironsi. Ironsi bai gurfanar da masu juyin ba, sannan a watan Mayu ya fito da doka mai lamba 34 da ta rushe tsarin jihohi. A watan Afrilun shekarar aka ƙara wa Murtala girma zuwa Laftanar Kanal, aka ba shi Sufeton Sigina. Ƙarin girman bai huce masa zuciya ba. Kowa ya san shi da faɗin abin da ke ransa, ko a gaban wa.

Ranar 29 ga Yuli sojojin Arewa suka rama. Aka kashe Ironsi a Ibadan tare da mai masaukinsa Laftanar Kanal Fajuyi, aka kashe hafsoshi da ƙananan sojoji Ibo masu yawa a barikoki. Masu rubuta tarihin wannan lokaci sun haɗu a kan cewa Murtala ne ƙashin bayan shirin. Abin da yara da yawa ba su sani ba shi ne, a ranar ba mulkin Najeriya yake nema ba. Kalmar da ke bakinsu ita ce "a raba". Sun kame filin jirgin sama na Ikeja, sun tsare wani jirgin Ingila suka sa ya kwashi iyalansu zuwa Kano, nufinsu Arewa ta kama gabanta. Filin jirgin nan shi ne yau ke ɗauke da sunansa.

Kwana uku ƙasa ba shugaba. A barikin Ikeja manyan ma'aikatan gwamnati, da jakadun Ingila da Amurka, suka yi ta nuna musu cewa Arewa ba ta da teku, kuma rabuwa ita za ta fi cutarwa. Daga ƙarshe aka sauko, ranar 1 ga Agusta Laftanar Kanal Yakubu Gowon ya zama shugaba. Murtala ya amince, amma tsakaninsa da Gowon ba a taɓa shan inuwa ɗaya sosai ba.

Abin da ya biyo baya dole mu faɗe shi ko da ba daɗi. A watan Satumba da Oktoba aka kashe dubban Ibo a garuruwan Arewa, har da Sabon Garin Kano da tashar jirgin ƙasa da filin jirgin sama. Akasarinsu irinmu ne: masu shago, masu tireda, makanikai, akawuna, mutanen da suka bar garinsu don neman abinci. Waɗanda suka tsira suka bar kaya da gidaje suka gudu Gabas. Hausawan da ke zaune a Gabas su ma suka baro can, wasu ba su iso ba. Duk wanda ya rufe shagonsa a Suk Libiya ko Suk al-Arabi ya hau motar Madani ko ta iyakar Masar da jaka ɗaya, ya san abin da mutanen nan suka ji.

Rundunar da aka haɗa cikin dare

An zauna sulhu a Aburi ta Gana a Janairun 1967, bai riƙe ba. Ranar 27 ga Mayu Gowon ya raba ƙasa jiha 12. Ranar 30 ga Mayu Ojukwu ya shelanta Biyafara. Ranar 6 ga Yuli aka fara harbi. A lokacin Gowon na da shekara 32, Ojukwu 33, Murtala 28. Sojan Najeriya duka-duka bai wuce dubu 10 da 'yan kai ba kafin yaƙi. Kafin a gama ya kai wajen dubu 250.

Legas ta ɗauka aikin 'yan makonni ne. Sai ranar 9 ga Agusta dakarun Biyafara ƙarƙashin Victor Banjo suka haye gadar Kwara daga Onica, suka mamaye Jihar Tsakiyar Yamma kusan ba tare da harbi ba, suka kama Benin, suka nausa har garin Ore, kimanin kilomita 200 daga Legas. Hankalin gwamnati ya tashi. Runduna ta Ɗaya tana can arewacin Biyafara tare da Muhammadu Shuwa, dakarun Benjamin Adekunle suna bakin teku. Babu wanda zai tare hanya.

Nan aka kira Murtala aka ce ya kafa Runduna ta Biyu. Da me? Da abin da ya samu. Masu dafa abinci, akawunan ofis, direbobi, tsofaffin sojoji da suka yi ritaya, da sababbin ɗauka waɗanda wasunsu makonni kaɗan suka yi suna koyon riƙe bindiga. Motoci kuwa, aka riƙa tare manyan motocin 'yan kasuwa ana karɓewa. An ce ba a fafe gora ranar tafiya, amma shi ranar tafiyar ya fafe nasa, kuma ya ɗebi ruwa. Ya tare su a Ore, faɗan da har yau Yarbawa ke buga misali da tsananinsa. Ya kora su baya. Ranar 19 ga Satumba gwamnan da Biyafara ta naɗa a Benin, Albert Okonkwo, ya shelanta wata sabuwar jamhuriya. Washegari, 20 ga wata, sojojin Murtala suka shiga garin. Jamhuriyar ko kwana biyu ba ta yi ba.

A nan ne sunansa ya fita. Cikin makonni shida ya kwato yankin da ya kusa jawo faɗuwar Legas. Halinsa ne ya yi masa aiki: ba ya jira, ba ya tsoro, ba ya zama a baya, yaransa na ganinsa a inda harsashi ke sauka. Matsalar ita ce, halin da ya ci Benin shi ne ya kai shi ga abin da ya biyo baya.

Asaba

Farkon Oktoba rundunar ta isa Asaba, garin da ke gaɓar yamma ta Kwara, yana kallon Onica. Mutanen Asaba yarensu Ibo ne, amma garinsu ba ya cikin Biyafara. Dakarun Biyafara da suka ja da baya sun karya gadar, wadda ba ta fi shekara biyu da buɗewa ba. Sojojin tarayya suka shiga gari suna zargin mutanensa da haɗa baki da abokan gaba, suka fara bi gida-gida.

Ranar 7 ga Oktoba 1967 dattawan gari suka tara jama'a, maza da mata da yara, da yawansu sanye da fararen tufafin biki, suka fito suna rawa suna nuna goyon bayan Najeriya ɗaya, don a bar su da rai. A dandalin Ogbe-Osowa aka ware maza da samari gefe, aka buɗe musu wuta. Ɗaruruwa suka mutu. Masu binciken da suka tattara shaidar waɗanda suka tsira sun ce a kwanakin nan an kashe mutum sama da 700. Akwai gidajen da ba a bar namiji ko ɗaya ba. Shaidu da dama sun ambaci sunan Ibrahim Taiwo a matsayin hafsan da ke wurin, mutumin da daga baya ya zama gwamnan Kwara, aka kuma kashe shi rana ɗaya da Murtala. Shekaru da yawa bayan yaƙi Janar Gowon ya nemi afuwar mutanen Asaba.

Na san wasu masu karatu ba za su so ganin wannan a shafin da ke maganar gwarzonmu ba. To amma rundunar tasa ce. A ƙa'idar soja, kamar a ƙa'idar fatauci, abin da 'yan ayari suka ɓata a zango madugu ake tambaya. Kuma babu wanda aka hukunta. Mu da muke neman duniya ta saurari kukan mutanen Jinena da ƙauyukan Jazira, bai kamata mu toshe kunne idan mutanen Asaba na ba da nasu labarin ba.

Kogi ba ya jin umarni

Yanzu ga Murtala a Asaba, ga Onica can tsallake yana hango ta, ga gada a karye. Mutanen Umdurman da Bahri sun san abin da karyewar gada ke nufi tun da ta Shambat ta faɗi a Nuwamban 2023: wurin da kake gani da ido ya koma tafiyar yini.

Hedikwatar soja a Legas ta ba shi shawara: kada ka haye a nan. Ka yi arewa zuwa Idah inda gaɓa biyun ke hannunmu, ka haye lami lafiya, ka gangaro wa Onica ta tudu. Hanyar ta fi tsawo, amma babu wanda zai harbe ka a tsakiyar ruwa. Cikin kwamandojinsa ma akwai waɗanda suka ƙi, fitaccensu Laftanar Kanal Alani Akinrinade. Murtala ya ce ta ruwa za a bi. A ganinsa abokan gaba a gigice suke, Inugu ta riga ta faɗi ranar 4 ga Oktoba, in aka kama Onica yanzu yaƙi ya ƙare. In aka ba su lokaci za su sake shiri. Lissafin ba na wauta ba ne. Abin da ya rasa shi ne kayan aiki: isassun jiragen fito, sojojin da suka saba da ruwa, da hanyar kai musu ɗauki in sun sauka.

Kakanninmu fatake da ke zuwa Gwanja sayen goro sun san wannan kogi. Madugu ba ya tura jakuna ruwa don yana hango kasuwa a tsallake. Sai ya aika jagaba ya duba mashigi, ya yi ciniki da masu fito, ko da zai kwana uku a gaɓa.

Haye na farko ya yi kamar zai yi nasara. Sojoji suka sauka, suka kutsa cikin Onica. Sai horon da ba su samu ba ya nuna kansa. Maimakon su kama muhimman wurare su haƙa ramuka, da yawa suka faɗa kasuwa wawaso. Kasuwar Onica fa, wadda ake lissafawa cikin mafi girma a Afirka ta Yamma, inda Bahaushe ke kai shanu da wake da albasa ya saro atamfa da kayan ƙarfe. Ta ƙone ƙurmus. Suna cikin haka dakarun Biyafara, cikinsu har da Joe Achuzia, suka sake haɗuwa suka rufe su. Jirgin da zai kawo ɗauki bai iso a kan lokaci ba. Gaba wuta, baya ruwa, kuma yawancin yaran ba su iya iyo ba.

Aka sake gwadawa karo na biyu, aka sake na uku. Duk ba a ci ba. Jiragen da ke ɗauke da mutane da albarusai aka riƙa harbinsu a tsakiyar kogi. Marubuta tarihin yaƙin na ƙiyasta asarar da dubban rayuka. Akinrinade ya bar rundunar ya koma wajen Adekunle. Daga ƙarshe Murtala ya bi hanyar da aka nuna masa tun farko: ya haye ta Idah, ya bi ta yankin Inugu, ya gangaro ta Oka. Onica ta faɗi a watan Maris 1968, kuma cikin hafsoshin da suka shige ta akwai wani saurayi Bakatsine, Shehu Musa 'Yar'aduwa. Sauri ya haifi nawa: abin da aka so a gama a mako guda ya ci wata biyar.

Abagana

Ko bayan kama garin, hanyar da ta haɗa shi da Inugu ba ta zama lafiya ba. Ranar 31 ga Maris 1968 wani dogon ayarin Runduna ta Biyu, motoci kusan 100 ɗauke da sojoji da makamai da mai, yana wucewa ta garin Abagana. Dakarun Biyafara ƙarƙashin Manjo Jonathan Uchendu suka yi masa kwanton ɓauna. Suna da wani bam da suka ƙera da hannunsu, suna kiransa Ogbunigwe. Wuta ta kama tankar mai, ta bi motocin albarusai da ke jere kusa da juna a kan siririyar hanya, ayarin ya kama da wuta. Kaɗan ne suka fita. Duk direban da ya taɓa bin jerin motoci a hanyar da ba wurin kaucewa zai gane yadda abin ya kasance.

A tsakiyar 1968 Murtala ya bar fagen daga, aka ba Kanal Ibrahim Haruna rundunar. Ya koma kujerarsa ta Sufeton Sigina da muƙamin Kanal. Bai cika shekara 30 ba. Yaƙin ya ci gaba har Janairun 1970, lokacin da Philip Effiong ya miƙa wuya a Legas, bayan yunwa ta kashe fararen hula da ake ƙiyastawa da miliyan ɗaya ko fiye, yawancinsu yara.

Abin da ya rage mana

Murtala ya zama Birgediya a 1971, kwamishinan sadarwa na tarayya a 1974, sannan shugaban ƙasa a ƙarshen Yulin 1975, lokacin da aka kifar da Gowon yana taron ƙasashen Afirka a Kampala. Hafsoshin da suka kawo shi sun san shi tun daga bakin kogi, shi ya sa suka gindaya sharaɗin cewa ba shi kaɗai zai riƙa yanke hukunci ba, sai da majalisar soja, ga Obasanjo da Ɗanjuma a gefensa. Ya yi gardama, daga baya ya karɓa. Zafin nan nasa da aka yi wa linzami shi ne ya ba Najeriya watannin da har yau ake begensu. Mutumin da ya ce "a raba" a 1966 shi ne ya zaɓa wa ƙasar babban birni a tsakiyarta. Yana kwance a Kano, kusa da masallacin da ke ɗauke da sunansa, ya rasu yana da shekara 37.

Ga iyaye, musamman mu da ke zaune a ƙasar da ake yaƙi, akwai abin dubawa a nan. Samarinmu na zaune ba kasuwa, ba makaranta, kuma kowane ɓangare na neman wanda zai riƙe masa bindiga. Yaro na ganin hoton hafsa da tauraro a kafaɗa a Facebook da TikTok, ransa ya biya. Aikin soja aiki ne na mutunci in an shige shi ta ƙofa, da horo da doka da shugaban da za a tambaya. Amma a tuna wa yaro cewa a labarin nan hafsan ya yi Teshi, ya yi Sandhurst, ya yi Katarik, kuma ya fita da ransa. Waɗanda suka cika jiragen fito a Asaba su ne masu horon makonni: ɗan dako daga Kano, ɗan manomi daga Gboko, yaron mota daga Ibadan. Ba a sa sunan ko ɗayansu a titi ba. Da yawa iyayensu ba su ga gawa ba, ba su san ranar da za su ce ita ce ranar rasuwa ba.

Kuma idan za mu ba 'ya'yanmu tarihin manyanmu, mu ba su shi cikakke. Yaron da aka gaya wa Benin aka ɓoye masa Asaba, ranar da abokin cinikinsa Ibo a Guwanzu ko Dubai ko Kwatano ya faɗa masa, zai ɗauka ƙarya ake yi wa gwarzonsa, a yi faɗa a banza. In ya san duka biyun, zai iya girmama Murtala a kan abin da ya cancanta, ya kuma yi wa mutumin ta'aziyya a kan abin da ya rasa, gobe su sake haɗuwa a kan ciniki.

Allah Ya jiƙan waɗanda suka riga mu, na Kano da na Asaba da na cikin kogi. Allah Ya kashe wutar da ke ci a Sudan, Ya mayar da kowa gidansa da shagonsa lafiya.